Yatsun da Ke Ƙarƙashin Gadon Ɗalhatu

Ranar da na fara ganin Ɗalhatu, hannunsa na fara sani kafin fuskarsa. Ya miƙo min mu gaisa a ƙofar ɗakinmu na haya a unguwar Mansura, a ƙasar da muka zo ci-rani, na ji tafinsa ya cika nawa amma da giɓi. Na saci kallo, ashe babu manuniya a hannun damansa. Daga gindi aka datse ta, sai wani ɗan dungu mai sheƙi ya rage. Ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba, muka yi shekara uku a haka muna cin abinci a faranti ɗaya.

Mu huɗu ne a ɗakin, gado biyu masu hawa biyu. Malam Nurudeen Bazazzagi ne, shi ne babbanmu, da sunansa aka kama ɗakin, kuma shi ke jan mu salla in lokaci ya riske mu a gida. Mudasiru ɗan Jos ne, yana gadi a wani babban kanti, bakinsa ba ya hutawa ko da burushi a ciki. Ni ne Musbahu, Bakano, ina jan motar haya irin wadda ake kira ta waya. Sai Ɗalhatu mutumin Funtuwa, wanda ya ba arba'in baya da shekara shida, yana gadin wani rukunin gidaje a unguwar Mesaimeer inda yawanci baƙi ne malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Shi ke gadon ƙasa, ni ina samansa.

In ka cire maganar yatsa, babu abin da za a faɗa a kan Ɗalhatu, kuma wannan shi ne abin da ya dame ni da shi. Mutum ba ya gulma, ba ya kallon ƙwallo, ba ya ƙorafin kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Takalminsa ɗaya, shi ke ɗinke abinsa. Kowace Juma'a bayan masallaci zai zauna a bakin gado ya kira matarsa Sakinatu, ya bi 'ya'yansa mata biyar ɗaya bayan ɗaya yana tambayar karatu. Ba ya zubar da abinci. In ƙwayar shinkafa ta faɗi a leda sai ya tsince ta. Ni kuwa tuƙi ya koya min zargi. In fasinja ya shigo motata ya yi shiru, ta madubi nake binsa da ido har ya sauka.

Girki bi da bi muke yi, kuma kowa ya san ranakun da ake cin abinci da ranakun da ake maganin yunwa kawai. Lahadi da Laraba na Ɗalhatu ne. Zai tuƙa tuwon semo ba gudaji ko ɗaya, ya kaɗa miyar kuka da daddawar da ake aiko masa daga gida, mu shimfiɗa leda mu kewaye babban faranti. Yana da wata ɗabi'a: in ya ci karo da tsoka mai kyau sai ya turo ta gabana da bayan yatsunsa, ko kallona bai yi ba. Mudasiru har mita yake yi, wai Yaya Ɗalha ya mayar da Bakano ɗan lele.

Maganar yatsan kuwa, tunda mai shi bai ba da labari ba, Mudasiru ya ba da nasa. Wata rana da Ɗalhatu yana wurin aiki ya rage murya ya ce a Jos ya san wani da ya ba boka yatsa aka buɗe masa hanyar fita waje. Na yi dariya na ce in dai arziki Yaya Ɗalha ya saya da yatsansa, to wallahi an cuce shi. Malam ya ce mu ji tsoron Allah. Aka bar maganar, amma ta samu wurin zama a cikina.

A watan Oktoban bara abubuwa suka fara. Muna cin abinci Malam ya ce ya shiga kanti ya ga an jera ƙoƙon kan mutane na roba da ƙwarangwal, wai Turawa za su yi bikinsu na ƙarshen wata da suke shigar aljanu da fatalwa. Ya ce duk Musulmin da ya sa hannu a wannan, ko da tsinke ne, ya binciki imaninsa. Mudasiru ya ce ƙwarai. Ni ma na ce ƙwarai. Ɗalhatu ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kwana biyu bayan haka na shiga kicin, wanda muke haɗawa da 'yan Nepal na ɗakin kusa, na tarar an fito da tukwanen da muke cusawa a cikin obin na gashi an jera a ƙasa. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin an kunna obin ɗin nan ba, ma'ajiyar tukwane ce da kyankyasai. Yanzu an wanke shi fes, na taɓa na ji da ɗumi. Na tambayi 'yan Nepal, suka ce ai mutuminku ne, mai hannun nan.

Daga nan na sa ido. Na ga ja a gefen farcensa, irin jan da ba na manja ba. Na ga wayarsa ta yi ƙara ya fita matakala, na ji muryar mace tana Turanci tana dariya, shi kuma yana ta "yes madam". Na ga sabuwar kula a ƙarƙashin gadonsa, an tura ta can ciki bayan akwati. Mutumin da ko sabon silifa ba ya saye, me zai yi da kula?

Ranar wata Asabar na'urar sanyin motata ta lalace, na kai gareji na dawo gida da azahar, lokacin da ba a tsammanin kowa. Ƙofar kicin a saye take, saura kaɗan ta rufu. Na leƙa. Ɗalhatu na tsaye ya kifa hannun hagunsa a kan katako, ya miƙe manuniyar da ta rage masa, ya zuba mata ido, wuƙa a hannun dama. Leɓensa na motsi. Na yi gyaran murya ba da niyya ba, sai ya zabura ya ja wani farin ƙyalle ya rufe abin da ke gabansa.

"Musbahu, lafiya ka dawo yanzu?"

"Lafiya lau, Yaya Ɗalha. Mota ce ta ba ni matsala. Girki ake?"

"Ɗan wani abu ne," ya ce, ya tsaya tsakanina da katakon har na wuce.

Da la'asar ya yi wanka ya sa kakinsa ya tafi aiki. Na jira har na daina jin takunsa a matakala, sannan na durƙusa na jawo kular. Ba zan yi ƙarya ba, na san ba daidai nake yi ba, amma na ce ai ɗaki ɗaya muke kwana. Na murɗe marfin. Farin ƙyalle ne a sama, a naɗe tsaf. Na ɗaga.

Yatsu ne. An jera su sahu-sahu, za su kai ashirin, launinsu kamar na fatar da jini ya bari, kowanne da gaɓoɓinsa da tamojinsa da farcensa mai tsini, gindin kowanne kuma ja ne jawur. Na yi salati na ja da baya har ƙeyata ta bugi ƙarfen gado. Da numfashina ya dawo na sake leƙawa, na gane ba nama ba ne, wani abu ne aka mulmula aka gasa, har da ƙamshi. Wannan bai kwantar min da hankali ba. Na ɗauki hoto, na mayar da ƙyallen, na rufe, na tura kular inda take, na je na wanke hannuna sau uku.

Bayan magariba na nuna wa Malam da Mudasiru. Mudasiru ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar.

"Kai, ku duba! Duk manuniya ce. Babu babban yatsa, babu ƙarami. Wadda ya rasa ita yake ƙerawa."

"Fulawa ce fa kamar," na ce.

"To boka da me yake aiki? Da siminti? Ku dubi nan kuma." Ya nuna kusa da farcen. Kowane yatsa yana da 'yar tsaga a karkace, wuri ɗaya, iri ɗaya. "Wannan alama ce. Ni na san irin waɗannan abubuwan. Wallahi mun daɗe muna ci a abinci."

Da ya faɗi haka sai kowa ya fara tuna abin da ya same shi. Mudasiru ya tuna yarinyar da ya kai kuɗin gaisuwarta ta ce ta fasa ba dalili. Ni na tuna ciwon cikin da ya kwantar da ni da azumi, da motata da ta lalace a ranar. Na tuna tsokar da ake turo min ni kaɗai. Shekara uku! Malam bai tuna komai ba, amma ya daɗe yana kallon hoton yana jan carbi. Mudasiru ya ce khalas, magana ta ƙare, ƙarshen wata saura kwana shida, a ce masa ya nemi wani ɗakin. Malam ya ce ba a korar Musulmi a kan hoto, sai an ga inda abin ya nufa. Amma ya ƙara da cewa kafin nan kowa ya kula da abin da zai sa a bakinsa.

Washegari Lahadi. Ɗalhatu ya tuƙa tuwo, ya yi miyar kuɓewa busasshiya da naman rago, ƙamshi ya cika gidan har 'yan Nepal suna leƙowa. Ya shimfiɗa leda ya ajiye faranti ya ce bismillah. Mudasiru ya dafe ciki ya ce olsarsa ta tashi. Malam ya ce an gayyace shi walima a Umm Salal, ya ɗauki hularsa. Ni na ce na ci a waje. Na sauka ƙasa na sayi shayin karak da gurasar capati biyu, na zauna a matakala ina ci kamar maraya, ina jin haushin tuwon da na bari.

Da na dawo na tarar ya ci gefensa kaɗai, ya rufe sauran. Da safe ya yi ɗumame ya ci. Washegari ma ɗumamen ya ci. Tuwon mutum huɗu sai da ya kai shi ranar Talata, bai zubar da ko loma ba. Laraba ya sake girkawa, dafa-duka da kifi, muka sake kawo dalilanmu, wannan karon ma ba mu yi wahalar canza su ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ya jawo farantin gabansa. Na hau gadona na juya wa ɗakin baya. Ina jin ƙarar cokalinsa a ƙasana, kuma abin da na gaya wa kaina shi ne, mai gaskiya ai da ya tambayi dalili.

Ranar Alhamis ba ya aiki, ya wuni a kicin da ƙofa a rufe. Ranar Juma'a, talatin da ɗaya ga wata, muna fitowa daga masallaci ya matso kusa da ni.

"Musbahu, in ba za ka damu ba, ka kai ni Mesaimeer da la'asar. Ina da kaya, in na shiga jirgin Metro da bas za su karye."

Na ce babu matsala. Da na gaya wa su Malam, Mudasiru ya ce Allah ne ya kama shi, in bar wayata a kunne. Malam ya tofa min addu'a a tafin hannu ya ce in shafa, in kuma na ga abin da ya fi ƙarfina kada in tsaya jarumta. Ya ce abin da na dawo da shi, a kansa za a yanke maganar ɗaki.

Kula biyu ya fito da su da wani babban tire a naɗe da farin ƙyalle. Bai yarda a sa a but ba, ya zauna a baya ya rungume tiren a cinya kamar mai jego. Duk tafiyar ta madubi nake kallonsa. In na taka birki sai ya ce, "A hankali, Direba." Ni kuwa Ayatul Kursiyyu nake ja a zuci, in na kai ƙarshe in koma farko.

Da muka isa sai na ce shi ke nan, Mudasiru ya yi gaskiya. A bakin get ɗin an rataye ƙwarangwal yana lilo a iska. An manna yanar gizo-gizo a jikin bishiyoyi. A kan ciyawa an kafa wasu alluna kamar na kaburburan Kirista, ga kabewa an fafe an yi mata idanu da haƙora. Abokin aikinsa, wani ɗan Uganda, ya ɗaga mana sandar get yana dariya, ya ce da Turanci, "Mai biskit ya iso." Ban ba maganar muhimmanci ba, don a daidai lokacin wata fatalwa ce ta gifta ta gaban motata, fara fat, tsawonta bai kai ƙugu ba. Ta taka gefen zanin gadon da ta lulluɓa da shi, ta faɗi, ta fashe da kuka tana kiran mamanta.

Na ɗauki kula ɗaya na bi shi, don in gani da idona. A filin da ke gefen wurin iyo an jera tebura, yara sun kai talatin, wannan mayya ce da doguwar hula, wannan ɗan fashin teku, wani kuma an naɗe shi da bandeji tun daga kai. Iyayensu na tsaye da kofunan lemo. Wata mata 'yar Lebanon mai suna Madam Rima, wadda na gane muryarta ce nake ji a waya, ta taho da sauri tana cewa yalla yalla. Ɗalhatu ya ajiye tiren ya yaye ƙyallen.

Matan suka yi ihu, sannan suka tuntsire da dariya. Aka fito da wayoyi ana ɗaukar hoto. Yara suka yi caa a kan teburin, kowa ya ɗauki yatsa, wata ta cusa nata a hanci, wani ya gatsa nasa ya rausaya kamar zai suma. Cikin kulolin kuma akwai wasu masu kama da ƙwayar ido da ƙananan fatalwowi da aka shafa wa farin sukari. Madam Rima ta riƙa nuna Ɗalhatu tana gaya wa mutane cewa mai gadinsu ne ya yi, da hannu, ba da wani abin zubi ba. Wata Baturiya ta ce ba ta taɓa ganin masu kama da gaske haka ba.

Na juya na kalle shi. Yana tsaye a gefe, hannun damansa a aljihu, yana kallon bakin yaran. Shekara uku ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

Madam Rima ta miƙo min faranti ta ce in ɗauka. Hannuna ya tsaya a iska. Ban san tsawon lokacin ba, amma ya isa Ɗalhatu ya gani. Na ɗauki ɗaya na gatsa ta wajen farcen. Farcen ƙwayar loz ce mai kama da gyaɗa, jinin kuma jam ne na shafa wa burodi. Biskit ɗin ya narke a bakina, bota da citta da ɗan kanumfari. Da ma ya yi ɗaci da na samu abin riƙewa. Wallahi ban taɓa cin biskit mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba.

A hanyar dawowa ya zauna a gaba, kulolin babu komai a baya. Rana ta yi sanyi, hanya a cike. Da muka wuce fitilar hanya ta biyu ya fara magana, kuma titi yake kallo.

"Gidan burodi na taso, a Funtuwa. Shekara bakwai ina kwaɓi. Har an fara cewa ni za a ba sabon reshe. Injin murza kwaɓi ya kama min hannu ranar wata Talata da hantsi, ina da shekara ashirin. Maigidan mutumin kirki ne, shi ya kai ni asibiti. Da na warke na koma ya ce in yi haƙuri, mutane sun ji labari, suna tambaya ko yatsan na cikin burodi. Tun daga nan gadi nike yi."

Na ce Allah sarki.

"Da Babbar Salla na kai ma Madam cincin. Ta ce wa ya yi, na ce ni. Shi ne ta nuna mani hoton waɗannan a waya, ta ce zan iya? Na ce zan gwada. Musbahu, shekara ashirin da shida ban sa hannu cikin kwaɓin da za a gasa ba. Ko ba ta ba ni komai ba zan yi."

"To me ya sa ba ka gaya mana ba, Yaya Ɗalha?"

"Kana wurin Malam ya yi magana. Kai ma ka ce ƙwarai. Ni kaina ban tabbata ya halatta ba, ina yi ina istigfari. Na ce fulawa ce da sukari, yara za su ci su yi dariya. Amma ina jin nauyin Malam."

Na tambaye shi tsagar da ke kusa da farcen, don har lokacin tana cina. Ya ɗan yi murmushi ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa.

"Ina yaro wuƙar fere rake ta yanke ni a nan. Tabon bai ɓace ba har injin ya tafi da shi. Gaɓoɓin na hagu nike kallo in zana, amma in na zo ƙarshe sai in ga hannuna ya sa tabon. Shi na fi sani."

Muka shigo Mansura, ina neman wurin ajiye mota a layinmu da ba a taɓa samun wuri. Sai da na kashe injin ya ce, "Marfin kular nan, in ba ka fara murɗa shi hagu ba, ba ya zama. Ranar Asabar a karkace na same shi." Ya buɗe ƙofa. "Gadonka na saman nawa. Da ka leƙo ka tambaye ni."

Na faɗa wa su Malam komai, har da fatalwar da ta faɗi. Mudasiru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi da ma bai gama yarda ba, na ji kamar in kwaɗa masa mari. Malam bai yi dariya ba. Ya tashi ya sami Ɗalhatu a bakin gado, ya ce maganar bikin yana nan a kan bakansa, amma abin da muka yi masa ya fi wancan muni, ya yafe mana. Ɗalhatu ya ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Maganar barin ɗaki ba a sake ta da ita ba. Na kwanta ina cewa an wuce wurin.

Lahadi ya shiga kicin kamar kullum. Tuwon semo, miyar kuka, naman rago. Mu uku muka shimfiɗa leda da kanmu, muka wanke hannu tun bai gama ba, Mudasiru na ta zuba surutu wai yau olsa ta warke. Ɗalhatu ya shigo ya ajiye babban farantin a tsakiyarmu ya ce bismillah. Sannan ya koma kicin ya dawo da wani ƙaramin kwanon silba, ya wuce mu, ya zauna a bakin gadonsa ya ɗora shi a gwiwa.

"Yaya Ɗalha, ga wuri," in ji Malam.

"Ku ci, Malam. Hankalinku zai fi kwanciya."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Gefen farantin da yake zama ya kasance a buɗe, babu wanda ya matsa ya cike. Loma ɗaya kawai na kai. Na tashi na je na durƙusa a gabansa, na ce bismillah, na sa hannu a kwanonsa. Bai janye ba. Ya ɗan karkato min da shi don in ji daɗin kaiwa, muka ci gaba da ci. Tsoka ɗaya ce a kwanon, mai kyau, ba ƙashi. Ina ta satar kallon bayan yatsunsa ina jira. Muka cinye tuwon, muka suɗe miyar, tsokar na nan a tsakiya inda take. Ya ɗauki murfi ya rufe, ya ce zai yi ɗumame da ita da safe.